Lemon 'Yan Wasa Daban, Lemon Ƙara Kuzari Daban

Duk wanda ya saba ratsawa ta filayen ƙwallo na unguwa da la'asar sakaliya, musamman da bazara sa'ad da zafin Kano da Sakkwato da Damagaram ke haura digiri 40, ba zai rasa ganin samari sun fito hutu sharkaf da gumi, kowa ya ɓalle gwangwanin abin da suke kira enaji ya kwankwaɗe, yana zaton ya mayar wa jikinsa abin da rana ta ƙwace ba. Wannan zato kuskure ne, kuma musabbabinsa shi ne gwama abubuwa biyu da ake jerawa a firji ɗaya, alhali kuwa maƙasudin yin su ya sha bamban.

Shi lemon 'yan wasa asalinsa daga Amurka ne, inda a shekarar 1965 wani likita mai suna Robert Cade da abokan aikinsa na Jami'ar Florida, ganin yadda zafi ke galabaitar da 'yan ƙwallon jami'ar, suka haɗa musu ruwa da gishiri da ɗan sukari, abin da daga bisani aka san shi da Gatorade. Hikimar kuwa a fili take, domin gumi ba ruwa ne zalla ba. Wanda ya dubi rigar ɗan wasa bayan ta bushe zai ga farin zane ya kewaye baya da hammata, to wannan gishirin jikinsa ne. Saboda haka ake zuba wa irin wannan lemo gishiri, a taƙaita sukarinsa ga giram 6 zuwa 8 cikin kowace mililita 100, ma'aunin da hanji ke iya tsotsewa ba tare da jinkiri ba.

Amma lemon ƙara kuzari, wato enaji, wanda Red Bull ya yaɗa a duniya tun daga ƙasar Ostiriya a 1987, an samo shi ne daga wani abin sha na ƙasar Tailan da direbobi da leburori ke sha domin korar barci. Ginshiƙinsa kafeyin ne, sinadarin nan da ke cikin goro da shayi da gahawa. Gwangwani ɗaya na mililita 250 yana ɗauke da miligiram 80 na kafeyin da sukari giram 27, wato kusan cokalin shayi bakwai. Idan wannan zaƙi mai kauri ya sauka cikin mai gudu, sai ya jinkirta wucewar ruwa daga tumbi zuwa hanji, ya haddasa kumburi ko murɗawar ciki, shi kuma kafeyin ya rufe wa ƙwaƙwalwa labarin gajiya, ya ƙara wa zuciyar da tuni take dukan uku-uku nauyi a kan nauyi. Misalinsa kamar mahayin da dokinsa ya yi ƙishirwa ne, maimakon ya kai shi rijiya sai ya ƙara masa bulala.

Bisa adalci, kafeyin ba guba ba ne ga baligi mai lafiya matuƙar bai yi israfi ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da shi, muddin bai haura 200 a zama ɗaya ba, mai juna biyu kuwa haddinta 200 ne a yini baki ɗaya. Sai dai lissafin ya haɗa da goron safe da shayin majalisa, waɗanda mutane kan manta da su. Yara kuma hukuncinsu daban ne, domin ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi hani da a ba su lemon ƙara kuzari tun 2011, ƙasar Lituwaniya ma ta haramta sayar da shi ga wanda bai kai shekara 18 ba a 2014. Masu buga ƙwallo bayan Asham su sani cewa rabin kafeyin da suka sha yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, shi ya sa ido ke bushewa har sahur. Gauraya enaji da tiramol kuwa, wanda wasu ke yi, jefa kai ne cikin halaka.

Ga wanda motsa jikinsa bai kai awa guda ba, ruwa kaɗai ya wadatar, gishirin da ya fita kuma miyar dare za ta mayar. Wanda ya zarce haka cikin rana shi ne mabuƙacin lemon 'yan wasa, in babu hali ya sha ruwa kaɗan-kaɗan, ya haɗa da dabino ko ayaba, ya riƙa duba fitsarinsa, in ya yi duhu to ruwa bai isa ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kada ya kusanci enaji sai da izinin likita. Muna roƙon masu horar da yara da iyaye su karanta rubutun da ke jikin gwangwani kafin su biya kuɗi, in sun ga kafeyin a ciki su mayar wa mai shago, su saya wa yaro ruwa.