'Ya'yanmu ɗalibai a Tamale da yawon ƙarshen mako

Da an sauko daga masallacin Juma'a, wasu 'ya'yanmu da suka baro Najeriya da Nijar don karatu a jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ko a makarantun Sagnarigu, sukan nufi tasha. Wasu su je Salaga, tsohuwar kasuwar goro da fatake kakanninmu suka riƙa zuwa daga Kano. Wasu su tafi Paga, bakin iyakar Burkina Faso, kallon kadoji.

Ba ma hana su, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma mu 'yan kasuwa mukan ɗora musu saƙon kaya a ƙulle su tsallaka da shi. In kwastan suka buɗe suka ga abin da doka ta hana, yaron za a riƙe, karatu ya tsaya.

Ga shi Burkina Faso da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Saboda haka kafin yaro ya doshi iyaka, mu tabbatar yana ɗauke da fasfo, takardar izinin zama da katin rigakafin shawara. Saƙonmu kuwa, mu ba direban da muka saba da shi.