Fim ɗin da Ya Hana Yaran Amurka Barci

A shekarar 1972, a birnin Des Moines na jihar Iowa a Amurka, wasu mutane biyu, Russell Doughten da Donald Thompson, suka ɗauki wani fim da kuɗin da bai kai dala dubu 70 ba. A wancan zamanin ma wannan kuɗi bai isa ladan tauraro guda a Hollywood ba. Babu fitaccen ɗan wasa a cikinsa, tsawonsa kuma bai wuce sa'a guda da 'yan mintoci ba. Sunansa A Thief in the Night, ma'ana ɓarawo da dare. Har yau akwai dattawan Amurka da ke cewa babu abin da ya taɓa firgita su a ƙuruciya kamarsa.

Labarin na wata amarya ce mai suna Patty. Ta farka da safe, rediyo na shelar cewa miliyoyin mutane sun ɓace a faɗin duniya cikin ƙiftawar ido. Ta ƙwala wa mijinta kira, shiru. Ta leƙa banɗaki, sai ta tarar da injin askinsa yashe a wurin wanke fuska, yana ta gurnani shi kaɗai. Daga nan fim ɗin ya koma baya ya nuna yadda mijin ya tuba bayan da kumurci ya sare shi ya tsallake rijiya da baya, ita kuwa ta tsaya kan cewa ai tana zuwa coci, ba ta cutar kowa, wannan ya wadatar. Bayan ɓacewar, wata hukumar duniya mai suna UNITE ta karɓe mulki, ta tilasta wa kowa karɓar lamba a goshi ko a hannu. Wanda ba shi da ita ba saye ba sayarwa. Patty ta ƙi, aka bi ta da mota da jirgi mai saukar ungulu, abokanta suka bashe ta, ta faɗo daga kan madatsar ruwa. Sai ta farka, ashe mafarki ne. Ajiyar zuciyarta ba ta gama sauka ba rediyo ya fara waccan shelar, mijin kuma babu shi.

Abin da fim ɗin ke wa'azi a kai shi ne koyarwar fyaucewa: cewa Yesu zai kwashe masu bi na gaskiya farat ɗaya, a ɓoye, sauran jama'a su zauna cikin tsanani na shekara bakwai a ƙarƙashin Magabcin Kristi, wanda siffarsa ta yi kusa da ta Dujal a wajen Musulmi. Masu wannan fahimta suna kafa hujja da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Tasalonikawa da littafin Daniyel da Wahayin Yahaya. Sai dai ba duk Kirista ne suka tafi a kai ba. Katolika da Otodoks da ɗarikun Furotesta da dama sun yarda da dawowar Almasihu, amma ba su koyar da wata ɗauka ta ɓoye kafin tsanani. Wanda ya tsara koyarwar a wannan siga shi ne John Nelson Darby, wani mai wa'azi a Birtaniya, a shekarun 1830. Bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, na 1909, shi ya shigar da ita gidajen Amurkawa.

Lokacin da fim ɗin ya fito, zukata a shirye suke. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun auna juna da makaman nukiliya, yaƙin Biyetnam na cin samari, yaƙin kwana shida na 1967 kuma ya sa masu wa'azi da yawa cewa alamomin ƙarshe sun cika. Littafin Hal Lindsey na 1970, The Late Great Planet Earth, ya riga ya shiga hannun miliyoyi da wannan saƙo.

Doughten ya san sana'ar tsoratarwa, domin yana cikin waɗanda suka shirya The Blob, fim ɗin dodo na 1958. A wannan karon rashin kuɗi ne ya zame masa gobarar Titi. Da yake ba shi da halin nuna birane suna rugujewa, sai ya nuna abin da kowane yaro ya sani: ɗakin kwana, madafa, injin yankan ciyawa yana aiki ba kowa a bayansa. Dodon fim yakan tsaya a cikin majigi idan an kunna fitila. Gidan da babu kowa kuwa yana jiran yaro kullum ya taso daga makaranta. Ga kuma waƙar Larry Norman mai sanyin murya da aka buɗe fim ɗin da ita, wadda matasan coci suka haddace.

Hanyar da ya bi ya isa ga jama'a ita ce rabin ƙarfinsa. Bai dogara da gidajen silima ba. Kamfanin Mark IV Pictures ya riƙa ba coci-coci hayar faifan, ana haska shi a zauren matasa da sansanonin hutu da makarantun addini. Fasto ne ke gabatar da shi, iyaye na zaune a gefe, da an gama kuma a kira masu son tuba su fito gaba. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da yadda zai ɗauki abin a matsayin ƙagaggen labari, tunda manyan da ya fi yarda da su sun ce masa haka za a yi, wataƙila ma daren nan. Masu fim ɗin sun yi iƙirarin cewa mutum miliyan 300 sun kalle shi, adadin da daga bakinsu ya fito.

Nasarar ta haifi fina-finai uku: A Distant Thunder a 1978, inda ake fille kan masu ƙin lamba, sai Image of the Beast, sannan The Prodigal Planet a 1983. A kan wannan turba littattafan Left Behind na Tim LaHaye da Jerry Jenkins suka biyo daga 1995, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 60, aka mai da su fim a 2000 da kuma 2014.

Babu dalilin shakkar niyyar Doughten, wanda ya rasu a 2013. Ya gaskata abin da ya nuna, kuma akwai mutane da yawa da ke cewa ta dalilin fim ɗin suka gyara rayuwarsu. Amma akwai wasu da yawa da suka girma suna ba da labari iri ɗaya: su shigo gida su ji shiru, su kira uwa ba amsa, gabansu ya faɗi cewa an tafi an bar su. Wasu sun yi shekaru suna maimaita addu'ar tuba kowane dare don tsoron ta jiya ba ta karɓu ba. Wasu daga baya sun bar cocin baki ɗaya.

Wannan darasi ya shafe mu, domin fim ɗin wa'azi ya yi ƙarfi a Nijeriya, tun daga ayyukan Mount Zion na Mike Bamiloye har zuwa gajerun bidiyon alamomin tashin ƙiyama da ke yawo a WhatsApp tsakanin Musulmi da Kirista. Gargaɗi game da ƙarshen duniya ginshiƙi ne a addinan biyu, ba wanda ya ce a daina shi. Amma abin da babba zai kalla ya yi tunani, yaro zai kalla ya kasa barci. Wajibi ne malami ko fasto ko uba ya fara kallon irin wannan fim kafin ya tara yara, ya duba shekarunsu, ya zauna da su bayan an gama ya amsa tambayoyinsu, kuma ya ba su labarin rahamar Allah gwargwadon yadda ya ba su labarin azabarsa.