Kafin Ka Sayi Kyamara: Abin Da Ya Kamata Ka Sani

A yau da wuya a yi ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar karatu, ba ka ga matashi rataye da kyamara yana kai-kawo tsakanin jama'a ba. Wasu sun mayar da ita sana'a, wasu suna ɗaukar kayan da suke sayarwa don tallatawa a Instagram da TikTok, wasu kuma tarihin iyalinsu kawai suke son adanawa. Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai shekara yana tara kuɗi, ya shiga shago, mai kaya ya ruɗe shi da manyan lambobin da ke jikin kwali, ya dawo gida da kyamarar da wayar aljihunsa ta fi ta fitar da hoto. Ga abubuwan da za su tsare maka guminka.

Fara da sanin aikin da za ta yi maka

Mai ɗaukar biki a zaure ko a ɗakin taro da daddare, babbar matsalarsa ƙarancin haske. Mai ɗaukar wa'azi ko lacca yana buƙatar kyamarar da za ta daɗe tana naɗa ba ta tsaya ba, da sauti mai fita garau. Wanda kuma yake son ɗauko mahaya daga nesa ranar hawan Daushe, zuƙo abin da ke nesa ne ya dame shi. Babu kyamara mai sauƙin kuɗi da ta haɗa duk waɗannan. Idan ka san aikinka, ka san abin da za ka riƙe da abin da za ka haƙura da shi.

Girman sensa ya fi yawan megafiksel muhimmanci

A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan faranti da haske yake sauka a kansa ya zama hoto, shi ake kira sensa. An rarraba fuskarsa zuwa miliyoyin ɗigo, kuma ɗigo miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Ka ɗauke shi kamar gonar gado. Idan gonar ƙarama ce, magada kuma suna da yawa, kowa ɗan kuyya biyu zai samu. Haka ƙaramin sensa yake idan aka cusa masa ɗigo miliyan 48: kowane ɗigo haske kaɗan yake samu, da magariba ta yi sai hoto ya fito da tsakuwa-tsakuwa, launin fuska ya dagule.

Ƙananan kyamarorin aljihu da yawa suna da sensa mai faɗin kimanin milimita 6 da tsayin ƙasa da 5. Wanda ake kira APS-C kuwa, wato na yawancin kyamarorin da ake canza wa lensi, yana kai kimanin milimita 23 da 15. Filinsa ya ninka na ƙaramin fiye da sau goma. Akwai wanda ya fi shi, mai milimita 36 da 24, amma tsadarsa da ta lensinsa ta wuce aljihun mai farawa. Ga mai neman sauƙi da inganci, APS-C ne daidai wa daida. Megafiksel 18 zuwa 24 a kan irin wannan sensa sun isa a wanke hoto babba a rataye a falo.

A nan ne zan ja kunnenka game da kyamarorin nan marasa sanannen suna da suka cika shagunan intanet, an rubuta musu 4K da megafiksel barkatai, a farashin da bai kai na ƙaramar waya ba. Araha ba ta ado. Yawancinsu ƙaramin sensa ne a ciki, na'ura ce take buɗa hoton ta ƙara masa lamba.

Lensi shi ne rabin hoto

Gilashin da ke gaban kyamara shi ke tattaro haske. Yawanci ana sayar da kyamara da lensi mai lamba 18-55mm, kuma yana aiki sosai da rana. A jikin kowane lensi akwai wata lamba da harafin f yake gabanta, wadda ke nuna faɗin ƙofar da haske ke bi. Ƙanƙantar lambar, faɗin ƙofar. Lensin 18-55mm idan ka zuƙo shi ƙarshe yana tsayawa a f/5.6. Lensin 50mm f/1.8 na Canon, wanda yana cikin mafi araha a kasuwa, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Shi ne yake fito da fuskar amarya tar, lallen hannunta da zaren gyalenta duk a bayyane, bayanta kuma ya narke ya yi laushi. Sai dai a ƙaramin ɗaki yana matse wuri, dole ka ja baya. Masu Nikon sukan fi jin daɗin 35mm f/1.8 saboda wannan dalili.

Idan da hannu za ka riƙa ɗaukar bidiyo, nemi lensi mai rage girgiza. Canon na rubuta masa IS, Nikon VR, Sony kuma OSS.

Abin da bidiyo yake buƙata

Mutane sukan haƙura su kalli bidiyon da hotonsa bai fita sosai ba, amma ba sa jure sautin da iska da ƙarar janareta suka cinye. Don haka ka juya gefen kyamarar, ka buɗe ɗan marfin robar, ka duba ko akwai ramin makirufo. Canon 2000D da 4000D, da Nikon D3500, da Sony a6000, duk suna ɗaukar hoto mai kyau, amma ba su da wannan rami. Canon 250D da Nikon D5600 da Sony a6400 da Panasonic G7 suna da shi. Har tsohuwar Canon 600D ta shekarar 2011 tana da shi, ga allo mai juyawa.

Abu na biyu shi ne yadda kyamara take bin fuska ba tare da hoton ya yi dishi-dishi ba. A nan Sony a6400 ta 2019 da ZV-E10 ta 2021, da kyamarorin Canon masu fasahar Dual Pixel, sun yi wa tsofaffin DSLR, wato kyamarori masu madubi a ciki, nisa.

Na uku, tsawon naɗi. Kyamarori da yawa suna yanke bidiyo da kansu a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda wani tsohon tsarin haraji na Tarayyar Turai a kan na'urorin ɗaukar bidiyo. Idan tafsiri ko taro za ka ɗauka, wannan babban cikas ne. Sony a6400 da ZV-E10 ba su da wannan iyaka.

Game da 4K, kada ya ɗauke maka hankali. Bidiyon 1080p ya wadatar ga YouTube da Facebook, ba ya cinye memori da yawa, kuma matsakaiciyar kwamfuta za ta iya tace shi. Wasu ma, irin su Canon 250D da M50, idan ka sa su a 4K sai su matse hoton, bin fuskarsu kuma ya ragu. Ka kuma saita kyamararka a hoto 25 ko 50 cikin daƙiƙa, domin wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana tafiya ne a kan bugu 50 cikin daƙiƙa. Idan ka bar ta a 30 ko 60, za ka iya ganin hasken wasu fitilu yana ƙyaftawa a bidiyon.

Sabuwa ko ta hannu?

Ga mai ƙaramin ƙarfi, kyamarar hannu ta sanannen kamfani ta fi sabuwar da ba a san asalinta ba. Amma kada ka yi cinikin biri a sama. Je da memorinka, ka kuma tafi da wanda ya san sana'ar. Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikinta yana da iyakar rayuwa, kuma a ƙananan kyamarori ana ƙiyasta masa kimanin ɗauka 100,000. Cire lensin ka ɗaga shi a haske, ka duba ko akwai farin zare-zare kamar saƙar gizo a ciki. Wannan funfuna ce, a bar irinsa. Sannan ka saita kyamarar a f/22, ka ɗauki farin bango, ka buɗa hoton: duk ƙura ko tabon da ke kan sensa zai fito fili. Ka naɗi bidiyo na minti goma ka ji ko tana zafi, ka ga yadda batir yake sauka. Daga ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, don kada ka sayi kayan sata ba ka sani ba.

Kada kuɗinka su ƙare a kan kyamarar kaɗai

Shawarata ita ce ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don sauran kaya. Kana buƙatar batir na biyu, musamman idan kyamara marar madubi ka saya, domin irinsu sun fi DSLR shan caji. Kana buƙatar memori na ainihi mai alamar U3 ko V30, saboda jabu sun yi yawa, kuma babu baƙin cikin da ya kai a tashi daga biki ka tarar hotunan sun ɓace. Sai ƙafar ɗora kyamara, da ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, da jaka mai rufi. Lokacin hunturu, kada ka canza lensi a fili ƙura na tashi, kuma kada ka bar kyamara cikin mota a rana.

Duk wanda ya samu kyamara mai sensa APS-C, da lensi ɗaya mai ƙofa f/1.8, da ramin makirufo, da batir biyu, ya samu abin da zai fara sana'a da shi ya ci abinci. Saboda haka, mai karatu, kada ka miƙa kuɗinka sai ka ɗauki hoto da bidiyo da hannunka, a cikin inuwa da kuma a rana, ka gani da idonka. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.