Aikatau da rabon laifi a bayanin hatsarin mota: misali daga yankin Bune

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu duba yadda siffar aikatau ke iya ɗora wa direba laifi ko sauke masa shi. Mun ɗauki misali daga yankin Bune, cikin gundumar Gure, jihar Damagaram, inda masu mota ke bin hanyar ƙasa mai lamba 1 wadda ta haɗa Damagaram da Difa. Hanyar nan hannu biyu gare ta, na zuwa da na dawowa. Don haka duk mai son wuce wata mota dole ya bar hannunsa na dama, sannan ya komo.

2. Ƙa'idar doka

Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, kuma dokar inshorarta ta fara aiki a 1995. Ma'aunin rabon laifi na wannan doka a fili yake: in motoci biyu sun nufi wuri ɗaya, kowace a hannunta, wanda ya canza hannu shi ke ɗaukar laifi duka, in babu wanda ya canza, sai a raba biyu. Ke nan tambayar guda ce: wa ya motsa zuwa wurin wa?

3. Abin da aikatau ke faɗi

Direba kan yi bayani da Hausa ko Barbarci, jandarma kuwa ya rubuta da Faransanci. Mu dubi waɗannan jimloli:

(1) Ya shigo hannuna.
(2) Na shiga hannunsa.
(3) Mun haɗu.
(4) Sitiyari ya ƙwace mini.

Bisa rabon azuzuwan aikatau na Parsons (1960), "shigo" na aji 6 ne, kuma ɗafin -o na nuna motsi zuwa wajen mai magana. Saboda haka (1) tuhuma ce cikakka, (2) kuwa amsa laifi ce. Faransanci ba shi da wannan ɗafi. In mai fassara ya tsaya ga "il est entré" bai ƙara "dans ma file" ba, hujjar ta zube.

A (3), "haɗu" na aji 7 bai ware wanda ya fara motsi ba, don haka fassararsa na jan mai karatu zuwa ga raba laifi biyu. A (4), sitiyari ne ya zama mai aikatawa, direba ya koma wanda abu ya samu. Amma doka ba ta tuhumar sitiyari.

4. Kammalawa

Wasali ɗaya na iya yanke wanda inshorarsa za ta biya diyya. Muna ganin ya kamata a riƙa rubuta kalmomin direba da harshen da ya faɗe su, kusa da fassarar, tare da zanen wurin da motocin suka tsaya. Tun da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, wannan aiki ya rataya a wuyan masana harshe.