Tafiyar ledar fiya wata daga kwatar unguwa zuwa teku

Ka shanye fiya wata lokacin tara, ka wurga ledar cikin kwata. A wurinka zance ya ƙare, amma ita yanzu ta kama hanya.

Idan a Kaduna kake, ruwan sama zai kwashe ta zuwa Kogin Kaduna. In ba ta maƙale a madatsar Shiroro ba, sai ta faɗa Kogin Neja. A Lokoja ta haɗu da 'yan uwanta da Kogin Binuwai ya ɗebo daga Yola da Makurdi, su yi kudu har Tekun Atilantika. Ɗaliban Kano kada ku yi murna, naku ruwan Kogin Haɗeja yake bi ya nufi Tafkin Chadi, can ma ɓarna ce.

A shekarar 2017, masu bincike a Jamus sun sa Neja da Nilu cikin koguna goma na duniya da suka fi zuba robobi a teku. Yawancin sharar da igiyar ruwa ke watsowa gaɓar Legas ko Akara daga tudu ta fito: ledoji, gorunan lemo, silifa, kwanukan abinci na soso. Sauran kuma daga jiragen ruwa ne da masunta, musamman tarun da ya tsinke aka bari a ruwa, wanda ke ci gaba da kama kifi ba mai ɗauka.

Kun san yadda akuya ke rame idan ta cika ciki da leda? Haka kunkurun teku da tsuntsaye ke yi har su mutu. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana da ruwa ne ke farfasa ta ƙanana-ƙanana, kifi ya haɗiye.

Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta haramta kwanukan soso a watan Janairun 2024. Doka tana da kyau, sai dai a ganina tare shara tun a kwata ya fi tsince ta a bakin teku sauƙi.

Ku zo makaranta da gorar ruwa daga gida. Kowane aji ya ajiye buhu ɗaya na ledoji da robobi kawai, in ya cika a sayar wa 'yan bola jari, kuɗin ya shiga asusun aji. Ranar tsaftar makaranta kuma a fara da yashe kwatar bakin ƙofa, kafin damina ta faɗi.