Watannin Shekara da Hawa da Saukar Farashin Hannayen Jari

Kasuwar hannayen jari, wato dandalin da ake saye da sayar da kason mallakar kamfanoni, tana da wata ɗabi'a da masana tattalin arziki suka daɗe da lura da ita: idan aka tattara bayanan shekaru masu yawa aka fitar da matsakaici, sai a ga wasu watanni sun fi wasu kawo riba. Abin ya yi kama da yadda hatsi ke araha da kaka ya yi tsada idan damina ta kankama, sai dai dalilin manomi a fili yake, alhali na kasuwar jari yana tattare da dokokin haraji da al'adun masu juya kuɗi.

Mafi shahara shi ne tasirin Janairu, wanda Sidney Wachtel ya yi rubutu a kansa a 1942, kafin Rozeff da Kinney su bincika bayanan kasuwar New York daga 1904 zuwa 1974, inda suka gano cewa matsakaicin ribar Janairu ya kai kusan kashi 3.5 cikin ɗari, yayin da na sauran watanni bai wuce kusan rabin kashi ɗaya ba. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne, da yake shekarar harajin mutane a Amurka tana ƙarewa a Disamba, masu zuba jari kan sayar da hannayen da suka faɗi domin asarar ta rage musu harajin ribar da suka ci a wani wuri, sannan su koma saye da shigowar sabuwar shekara, farashi ya farfaɗo, musamman na ƙananan kamfanoni. Manajojin asusun jari ma kan rabu da hannayen da za su kunyata su a rahoton ƙarshen shekara.

A 2002, Bouman da Jacobsen sun nuna cewa a ƙasashe 36 cikin 37 da suka duba, ribar Nuwamba zuwa Afrilu ta fi ta Mayu zuwa Oktoba, kuma har yau ana jayayya kan dalili. Wani binciken na 2012, wanda ya shafi ƙasashen Musulmi 14, ya gano cewa a watan Ramadan riba kan ƙaru kuma tangal-tangal ɗin farashi kan ragu, abin da marubutan suka danganta da kyakkyawan zato da haɗin kan jama'a a lokacin azumi. Shi kuwa Oktoba ya yi ƙaurin suna ne saboda rugujewar kasuwar hannayen jari ta 1929 da ta ranar 19 ga Oktoba 1987, lokacin da ma'aunin Dow Jones ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a yini guda, duk da cewa a matsakaici Satumba ne ya fi rauni a Amurka.

Matsalar dogaro da waɗannan alamomi ita ce matsakaici yana ɓoye shekarun da lissafin ya saɓa, kuma da zarar an san sirrin, 'yan kasuwa kan yi rige-rigen saye tun a Disamba har gibin ya ragu, kamar yadda tasirin Janairu ya yi sanyi bayan da ya bazu a littattafai. Ga ƙaramin mai zuba jari, kuɗin dillali da harajin kowane saye da sayarwa sukan cinye 'yar ribar da ta rage, don haka nazarin kadarorin kamfani da bashinsa da ribar da yake rabawa ya fi masa amfani fiye da kallon kalanda.