Gyaran injin jirgin ruwa: abin da ke maido da ƙarfi da abin da ke kashe inji a tsakiyar kogi

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, jiragen ruwa masu inji suka ɗauki nauyin tsallakar da mutane da kaya tsakanin Nijar da Benin. A Ayoru da Tilaberi da ƙauyukan bakin kogin Isa, wanda ya ratsa ƙasar tsawon kusan kilomita 550, jirgi ya daɗe yana aikin motar kasuwa da ta asibiti. Ɗaya daga cikin injinan da aka fi gani a bayan waɗannan jirage shi ne Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, wanda ake garwaya masa fetur da baƙin mai.

Sabon inji na da tsada, shi ya sa da yawa tsoho suke saye, wani lokaci da kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga ci-rani, su kai wa makanike ya warware shi ya sake haɗawa. Buƙatar mai jirgi ba ta wuce biyu ba: injin ya ja kaya, kuma kada ya mutu a hanya. Yadda aka yi gyaran ne ke nuna ko zai samu duka biyun.

Aikin da ba hutu

Injin mota yana da giya, yana samun sauƙi a gangara da wurin tsayawa. Injin jirgi kuwa tura ruwa yake yi tun daga tashi har isowa, kamar motar da ke hawan tudu ba iyaka. Enduro 40 yana da silinda biyu, girmansa cc 703, kuma an ƙera shi ya juya sau 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe masa wuta duka. Ƙaramin kuskuren da mota za ta yi watanni da shi, a ruwa cikin awoyi yake bayyana. Mota idan ta mutu sai a gangara gefen hanya. Jirgi idan ya mutu, igiyar ruwa ce ke juya shi a karkace da fasinjojinsa.

Awo kafin sayen kaya

Gyara mai kyau yana farawa da auna matsin kowace silinda tun ba a kwance ƙusa ko ɗaya ba. Idan bambancin da ke tsakanin biyun ya wuce kusan kashi 10 cikin 100, akwai matsala a ciki. Bayan an buɗe, sai a auna ramin silinda da fiston. Idan ramin ya ci ko ya karce, sa sabbin zobban fiston kaɗai ba ya magani. Dole a kai shi injin gogewa a faɗaɗa, a sa fiston mai ƙarin girma, yawanci milimita 0.25 ko 0.50. A nan ne ƙarfin da ya ɓace yake dawowa.

Sai sandar da fiston ke juyawa da boris ɗinta, da robobin da ke toshe bakinta biyu. Robobin ba su da tsada, amma idan suka saki, iska na kutsawa, mai ya yi ƙaranci, zafi ya hau, fiston ya manne da silinda. Duk wanda ya mayar da tsohuwar roba ko tsohon gaskit don ya rage kuɗi, ya manta cewa araha ba ta ado.

Ruwa da mai

Wannan inji da ruwan kogi yake sanyaya kansa, ta hanyar wata ƴar roba mai fukafukai da ke cikin famfo a ƙafarsa. Kogin Isa na fama da cikewar yashi, musamman a watannin da ruwa ke ja baya kafin damina, kuma yashi na cinye wannan roba da sauri. Kunna injin a tudu ba ruwa, ko na ɗan lokaci ne, yana ƙona ta. Siririn ruwan da ke fita ta bayan inji shi ne shaidar famfo na aiki. Idan ya tsaya, kashe inji ya zama dole, a duba ko leda ko ciyawa ta toshe mashigar. Man giyar ƙafa kuma idan ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Wajen garwayawa, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tankin lita 25, da mai irin na injin ruwa mai alamar TC-W3. Fetur ɗin kwalba da ke ɗauke da ruwa ko datti yana toshe karbireto, don haka mataci mai kyau yana cikin gyaran.

Neman ƙarin ƙarfi

A gasar tseren jiragen ruwa ta duniya, F1H2O, jirage na wuce kilomita 200 a awa, amma injinansu a hannun makanikai suke kwana, ana buɗe su ana sauya kaya a kai a kai. Mai jirgin haya ba shi da wannan gata. Idan aka goge kan inji don matsi ya ƙaru, fetur maras inganci yana fashewa kafin lokacinsa har ya huda kan fiston. Idan aka ƙuntata ramin mai a karbireto don tsimi, an rage baƙin man da ke shafa boris, tunda tare suke shiga. Cire na'urar daidaita zafi kuma yana barin inji cikin sanyi, baƙin gawayi ya taru a zobba.

Ribar ma ba ta taka kara ta karya ba. Ga dogon jirgin katako mai nauyi da ke keta ruwa, ko an ninka ƙarfin inji sau biyu, gudun da ke ƙaruwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai. Abin da ya fi amfani shi ne zaɓen farfela. Kowane inci ɗaya na karkatar fukafukanta yana sauya juyin inji da kimanin 150 zuwa 200 a minti. Jirgin da ke ɗaukar buhuna yana buƙatar farfela mai ƙaramar karkata, domin injin ya kai juyin da aka tsara masa ba tare da ya shaƙe ba.

Awoyi goma na farko

Injin da aka sabunta kamar sabo yake. A awoyi 10 na farko ana ninka baƙin mai ya koma kashi 25 da 1, ana sauya gudu, ba a daɗewa kan cikakkiyar wuta, ba a kuma yi masa lodi mai nauyi. Mai jirgin da bashi ke kansa yakan so ya fita ranar kasuwa da cikakken kaya washegarin gyara, kuma a nan ne sabbin zobba ke lalacewa.

Ga wanda ke aiko da kuɗi daga waje, akwai tambayoyin da ya dace ya yi kafin ya biya: nawa matsin kowace silinda ya nuna kafin gyara da bayansa, an sauya robobin toshiya da robar famfo, kuma ina tsofaffin kayan da aka cire? A cikin kuɗin kuma a ware na buji da farfela na ajiya, da filafili, da rigunan ceto ga fasinjoji.